4.3 Sharhi Kan Daidaita Harshen Ada

Kamar yadda aka nuna a babi na uku, a shekarar 1975 ne Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa kwamiti domin samar da harshe guda na rubuta manhajar kwamfutocin da ake dasawa cikin jiragen yaƙi da makamai masu linzami, saboda harsunan da ake amfani da su a lokacin sun kai ɗaruruwa. An fitar da sharuɗɗan ƙarshe a 1978, aka zaɓi tsarin ayarin Jean Ichbiah na Faransa a 1979, sannan harshen ya sami daidaitaccen kundi a 1983.

Ba a musun nagartar Ada. Yana tilasta wa marubucin manhaja ya bayyana nau'in kowace ƙima, ta yadda ake kama kurakurai da dama tun kafin a ɗora manhajar a kan na'ura. Sai dai a ra'ayin mai wannan bincike, an yi kuskure biyu wajen daidaita shi.

Na farko, an so harshe ɗaya ya biya kowace buƙata, sai ya yi girma fiye da kima. Tun a 1980 C.A.R. Hoare ya yi gargaɗi a kan haɗarin wannan girma. Bugu da ƙari, an hana a yanki wani ɓangare na harshen a yi aiki da shi kaɗai, saboda haka manhajojin da ke fassara shi ga na'ura suka makara, suka kuma yi tsada.

Na biyu, an dogara da doka wajen yaɗa shi. An wajabta amfani da Ada a 1987, amma ’yan kwangila suka riƙa neman a ɗauke musu sharaɗin, har aka janye shi a 1997.

Har wa yau, tarwatsewar rokar Turai ta Ariane 5 a 1996 ta nuna iyakar kariyar harshe. Da Ada aka rubuta manhajarta, amma an bar wata ƙima babu kariya, ta wuce mazubinta.

A taƙaice, Ada ya ɗore ne a inda injiniyoyi suka gamsu da amfaninsa, kamar jiragen sama da na ƙasa, kuma bayan janye dokar ba a daina sabunta shi ba.