Volver: Uwar da Ta Ɓuya a Ƙarƙashin Gado

Fim ɗin Volver na Pedro Almodóvar, wanda ya fito a 2006, ya buɗe ne da mata jingim a maƙabartar wani ƙauye a yankin La Mancha na Sifen, suna goge kaburbura, iskar gabas na kaɗa musu ɗankwali. A yankin aka haifi Almodóvar a 1949, kuma da gani ka san ya san waɗannan matan.

Raimunda, wadda Penélope Cruz ta fito a matsayinta, leburiya ce a Madrid. Ranar da mijinta Paco ya nemi lalata da 'yarta Paula, yarinyar ta soke shi da wuƙa, Raimunda ba ta tsaya kuka ba. Ta goge jinin, ta jefa gawar a firijin wani gidan abinci na maƙwabta, ta gaya wa 'yar cewa duk wanda ya tambaya, ita ce ta yi kisan. Ana cikin haka sai ga Irene, mahaifiyar Raimunda da kowa ya ɗauka gobara ta cinye, ta fito daga but ɗin motar Sole, 'yar'uwar Raimunda. Sole ta ɓoye ta a gida, tana ce wa matan da ke zuwa gyaran gashi wai 'yar aiki ce daga Rasha.

Dariya ba ta ƙarewa. Warin tusa ne ma ya sa Raimunda ta fara jin kamar uwarta na kusa, alhali tsohuwar na laɓe a ƙarƙashin gado. Amma ciwon fim ɗin mai zurfi ne. Abin da ya faru da Paula ya taɓa faruwa da Raimunda a hannun mahaifinta, Irene kuwa ba ta lura ba sai da aikin gama ya gama. Shi ya sa hirar da suka yi da daddare a kan benci ta fi komai tsaya mini: uwa na roƙon gafarar 'yar da ta yi wa tata 'yar abin da ita ta kasa yi. Carmen Maura, wadda ta fito a matsayin Irene, kuma rabonta da aiki da Almodóvar tun 1988, ta yi wannan wurin ba ihu ba kururuwa.

Ƙorafina kaɗan ne. Mazan fim ɗin inuwa ce kawai, kuma kwalliyar Cruz ta yi wa mai wanke-wanke yawa. Sai dai a bikin fina-finai na Cannes ba Cruz kaɗai aka ba kyautar jaruma ba, matan fim ɗin shida aka haɗa aka ba. Alƙalan sun yi daidai, don da an cire Blanca Portillo, maƙwabciya Agustina mai fama da ciwon daji tana cigiyar tata uwar, da rabin fim ɗin ya tafi.