Matar da Ba a Ba Ta Baki Ba: Nazarin Salon Hukuncin Gonzales da Carhart

Hukuncin kotu shi ma rubutu ne: yana da mai ba da labari, yana da taurari, yana kuma da wanda aka bari a bakin ƙofa. Da wannan ido na karanta hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 18 ga Afrilu, 2007, a shari'ar Gonzales da Carhart, inda alƙalai biyar suka rinjayi huɗu wajen tabbatar da dokar 2003 wadda ta haramta wata hanya ta zubar da cikin da ya riga ya yi nisa. Dokar ta yi togaciya idan ran mace na cikin haɗari, sai dai ta ƙi yin togaciya domin lafiyarta. A shekarar 2000 wannan kotu ta soke irin wannan doka ta jihar Nebraska, kuma rashin togaciyar lafiya na cikin dalilanta. A tsakani, majalisar ƙasar ta ayyana cewa hanyar ba ta taɓa zama dole a likitance, Sandra Day O'Connor ta yi ritaya, Samuel Alito ya gaji kujerarta.

Mai Shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, kuma gwanin sarrafa harshe ne. Tun daga zaɓen kalmomi ya fara yanke hukunci: mai ciki sau da yawa uwa ce a bakinsa, abin da ke cikinta ɗa ne, ƙwararrun likitocin mata kuwa likitocin zubar da ciki. Sannan ya ɗauko shaidar wata ma'aikaciyar jinya da ta ga aikin da idonta, ya ajiye ta a gaban mai karatu dalla-dalla, har da motsin 'yan yatsu da shure-shuren ƙafa. Duk mai imanin da ya karanta wannan wuri sai jikinsa ya yi sanyi, kuma ba na ganin laifin marubuci don ya sa mu dubi abin da muka fi so mu kawar da kai daga gare shi.

Inda nake tuhumarsa shi ne rabon kusanci. Ɗan tayi an matso da shi har muna ƙirga yatsunsa, matar kuwa an tura ta can nesa. Kotunan tarayya uku da suka fara sauraren ƙararrakin, a Nebraska da California da New York, duk sun ƙi amincewa da dokar, bayan likitoci sun ba da shaida cewa a wasu lokuta wannan hanya ta fi rage haɗarin huda mahaifa da zubar jini. A alƙalamin Kennedy duk wannan ya narke ya koma saɓanin masana, saɓanin da ya ce ya ba majalisa damar zaɓar ɓangare. Babu gadon asibiti, babu jini, babu fuska. Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki. Tazarar da ke tsakanin rai da lafiya ita ce macen da za ta rayu amma ba ta ƙara haihuwa ba. (Mu ma mun san wannan tazara, domin sashe na 232 na kundin Final Kod na Arewa ceton rai kaɗai ya ambata.)

Wuri ɗaya ne matar ta fito fili, a matsayin mai nadama. Kennedy ya yarda da bakinsa cewa babu amintattun alƙaluma a kan haka, amma ya ɗauka cewa wasu mata za su yi da-na-sani, ya mai da haramcin kariya gare su. Tauraruwar da ya ƙera tana da zuciya mai kuka, ba ta da jiki mai ciwo, ba ta kuma da hankalin da za a yi shawara da shi.

Ruth Bader Ginsburg, mace tilo a kotun a lokacin, ta gano wannan, har ta karanta rashin amincewarta a bainar jama'a, tana cewa tunanin ya ginu ne a kan tsohuwar fahimta game da matsayin mace. Hujjojinta sun fi nasa ƙarfi a ganina, amma a fagen labari ya kayar da ita. Ya zo da hoto, ta mayar masa da shaidar ƙungiyar likitocin mata da jerin tsofaffin hukunce-hukunce. Ita ma ba ta kawo mace guda mai numfashi da mai karatu zai riƙe a ransa ba.

A ƙarshen rubutunsa Kennedy ya bar ƙofa a buɗe: idan aka sami wani ciwo takamaimai da ke buƙatar wannan hanya, a shigar da ƙara a kansa. Ginsburg ta nuna shakku kan amfanin wannan ƙofa, tunda matsalar ciki takan zo ba sallama, likitan da ke tsaye a kan matar kuma ya san cewa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu na jiransa.