Cyprian Ekwensi: Daga Aji Zuwa Rubuta wa Matasa

Wannan takarda za ta dubi rayuwar Cyprian Ekwensi a taƙaice, sannan ta tsaya a kan littattafansa na matasa waɗanda suka shafi ƙasar Hausa, musamman guda ɗaya da ya daɗe yana jawo muhawara tsakanin manazarta.

An haifi Ekwensi a Minna a shekarar 1921. Iyayensa Ibo ne, amma a Arewa ya buɗe ido. Ya yi karatu a Ibadan da Kwalejin Achimota ta ƙasar Gana, ya yi aikin gandun daji, sannan ya koyar a Kwalejin Igbobi da ke Legas a ƙarshen shekarun 1940. Daga baya ya karanta ilmin haɗa magunguna a Landan, ya yi aikin rediyo da na watsa labarai. Ya rasu a Inugu a 2007.

Zamansa a aji bai yi tsawo ba, amma ya bar tabo a salonsa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara ya san ba su da haƙurin doguwar shimfiɗa. Shi ya sa jimlolinsa gajeru ne, babi kuma yakan ƙare a daidai inda mai karatu ke ɗokin jin ci gaba. Ana ganin haka a The Passport of Mallam Ilia (1960), inda Iliya ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar Usuman don ya rama kisan matarsa Zara. Labarin yana da armashi, sai dai Arewar da ke cikinsa ta takobi ce da wasan shanci da ɗaukar fansa. Talaka mai noma da zaman gida ba su sami wuri sosai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne An African Night's Entertainment (1962). Ɗalibin da ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda Hukumar Talifi ta Zariya ta buga a shekarun 1930, ba zai yi nisa ba zai ji kamar ya taɓa bin hanyar. Garin Galma ne. Attajiri Malam Shehu ba shi da ɗa, ya yi amfani da dukiya ya raba Zainabu da Abubakar. Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa, wato Kyauta, har yaron ya zama ɓarawo ya kashe ubansa. Sunayen ma kusan ba su sauya ba, in ban da rubutunsu. Neil Skinner ya gwama littattafan biyu a wata maƙala a 1973, ya nuna yadda na Ingilishin ke bin sawun na Hausar.

Masu kare Ekwensi sukan ce labarin na baka ne, kuma tatsuniya ba ta da mai ita. A ganina wannan hujja tana da rauni. Adabin baka yakan sauya a bakin kowane mai ba da shi, amma jerin aukuwa da sunaye su zo daidai haka, wannan alamar rubutaccen tushe ce, kuma ya kamata a ce an ambaci Tafida.

Duk da haka, kada ɗalibi ya tsaya ga zargi kawai, domin akwai abin nazari a cikin sauyin da aka yi. Ekwensi ya sa labarin a bakin wani tsoho mai karɓar kuɗi kafin ya fara hira, dabarar da ta dace da yaran makarantun Kudu da ba su san Galma ba. Dubi kuma sunayen littattafan. Na Hausar karin magana ne, gargaɗi ne cewa wanda ya ƙi jin bari jikinsa zai gaya masa. Na Ingilishin kuwa ya mayar da abin hirar dare. Wanda ya fara da sunan Hausar yana karatu ne yana jiran sakayya ta sauka a kan Malam Shehu, shi kuwa ɗayan yana jiran abin da zai faru ne a babi na gaba.