Phil Rizzuto da Sharhin Wasa Mai Ratse

Sukar da aka fi yi wa tsofaffin 'yan wasan da suka koma sharhi a rediyo da talabijin ita ce surutu ya yi musu yawa, ba su da horon aikin jarida, kuma sunan da suka yi a fili ne ya ba su kujerar. A fagen besbol na Amurka, Phil Rizzuto yana cikin waɗanda suka sha wannan suka, alhali sukar ba ta da nauyi idan aka auna ta da yanayin wasan kansa.

An haife shi a Brooklyn a 1917, ya buga wa New York Yankees daga 1941 zuwa 1956 a matsayin mai tsaro tsakanin tasha ta biyu da ta uku, in ban da shekaru uku da ya yi a sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zama gwarzon gasar American League a 1950, ya fara sharhi a 1957, bai ajiye ba sai 1996, kuma ya rasu a 2007.

Dabarar da ta bambanta shi ita ce ratse, wato barin abin da ke gudana a fili zuwa wani zance sannan a dawo. Besbol wasa ne da jiransa ya fi motsinsa yawa, domin tsakanin jifa da jifa mai jefa ƙwallo yana gyara tsayuwa, mai bugu yana fita yana dawowa, ga kuma wasanni 162 a kaka guda a gasar American League tun daga 1961. Wannan sarari Rizzuto ya cike da taya masu sauraro murnar zagayowar ranar haihuwa, da gaishe da marasa lafiya a asibiti, da zancen kayan zaƙin Italiya da masoya ke aiko masa, da tsoron tsawa, da cunkoson gadar George Washington wanda ke sa shi tashi kafin a tashi wasa. Gwanintar tana cikin yadda yake katse labarin: yana tsakiyar jimla ƙwallo za ta tashi, muryarsa ta bi ta cikin mamaki na gaske, ya faɗi inda ta sauka, sannan ya koma kan gutsuren zancen da ya bari, abokin sharhinsa Bill White yana tsokanarsa. Mai sauraro yana riƙe da zare biyu a lokaci guda, kuma kowanne yana ƙara wa ɗayan ɗoki.

Masu cewa wannan sakaci ne suna kafa hujja da alamar da yake sawa a takardar lissafin wasa, mai nufin bai kalli bugun ba. Hujjar ba ta tsayawa, domin shi ne ya sanar a rediyo da bugu na 61 mai fitar da ƙwallo waje da fili da Roger Maris ya yi a kakar 1961, wanda ya karya tarihin Babe Ruth, kuma idan aka zo kan dabarar tausasa ƙwallo da sanda ta faɗi kusa, wadda ya ƙware a kanta, bayaninsa na wanda ya yi abin da hannunsa ne.

Abin da masu sukar suka kasa gani shi ne sharhin besbol hira ce ta watanni shida kafin ya zama rahoto, shi ya sa a 1993 Tom Peyer da Hart Seely suka kwafe maganganunsa yadda ya furta su, suka jera su layi-layi, suka buga su a matsayin littafin waƙoƙi.