Wa Ke Zaɓa Wa Mawaƙi Bakandamiyarsa? Sharhi A Kan Faifan "Music from Saharan Cellphones"

Gabatarwa

Duk mawaƙin da ya daɗe yana waƙa, akwai ranar da za a zauna a tace ayyukansa, a tsame goma ko goma sha biyar daga cikin ɗaruruwa, a ce waɗannan su ne shi. Turawa sun mayar da wannan tacewa sana'a, har suka raɗa mata suna Greatest Hits, wato faifan da ya tattara waƙoƙin da suka fi tashe na wani mawaƙi ko na wani rukunin makaɗa. Mu ma ba baƙinta ba ne. Mai shagon kaset da yake haɗa wa direbobin tasha waƙoƙin Shata a kaset guda, abin da yake yi ke nan. Haka kuma Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir, lokacin da ya fitar da Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da Da Na Yanzu a 1979.

Abin da nake son mu duba a wannan sharhi shi ne, zaɓe hukunci ne, kuma wanda ya yi zaɓen shi yake tsara yadda 'yan baya za su tuna da mawaƙin. Zan kafa hujja da wani faifai da aka buga a Amurka a 2011, wanda ɗaya daga cikin waƙoƙinsa a birnin Sakkwato aka ɗauke ta, amma da wuya mai karatu ya taɓa cin karo da shi a kasuwar Goronyo ko ta Achida.

Masu Zaɓe Iri Uku

Na farko shi ne mai waƙar da kansa. Akwai wani rukunin makaɗa na Amurka mai suna R.E.M., wanda aka kafa a 1980. Suna daga cikin jagororin wani reshe na kiɗan rok da ya taso a gefen manyan kamfanoni, a ƙananan gidajen rawa da gidajen rediyon jami'o'i. Da suka tashi fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙinsu a 2003, a faifan da suka kira In Time, sai suka ƙi sa "Shiny Happy People", alhali kuwa tana cikin waƙoƙinsu da suka fi ciniki tun fitowarta a 1991. Dalili shi ne su kansu ba su ɗauke ta da nauyi ba. Ashe idan mawaƙi ya zaɓa da kansa, hoton da yake son a ga ya yi kyau a ciki yake miƙowa.

Na biyu shi ne ɗan kasuwa. Bob Marley ya rasu a 1981, kamfanin Island ya fitar da Legend a 1984, kuma babu faifan rege da ya kai shi ciniki a duniya. To, amma daga cikin waƙoƙi 14 da ke ciki, 5 daga faifan Exodus aka ɗebo su, ba a ɗauki ko ɗaya daga Survival na 1979 ba, faifan da ke ɗauke da "Zimbabwe" da "Africa Unite". Wanda duk saninsa da Marley ya tsaya a Legend zai fi ganin mai waƙar soyayya da kwantar da hankali, ba mutumin da ya tsallako teku ya yi wasa a bikin samun 'yancin Zimbabwe a 1980 ba. Ba a yi masa ƙarya ba, an dai rage masa kaifi domin ya shiga kasuwa.

Na uku shi ne mai sauraro, kuma a nan faifan da muke magana a kai ya samo asali.

Yadda Faifan Ya Samu

Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya zauna a garin Kidal na arewacin Mali, a lokacin da intanet ke wahalar samu a yankin. Ya tarar samari suna musayar waƙoƙi daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori. Sai ya shiga musayar da su, yana ba su abin da ke cikin kwamfutarsa, yana kwafar nasu. Daga abin da ya tara ya fara fitar da kaset, sannan a 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya buga waƙoƙi 9 a faifan garmaho da sunan Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin da aka samo daga wayoyin hannun mutanen Sahara. A ciki akwai jitar Abzinawa ta rukunin Amanar na Kidal, akwai waƙar gambarar zamani ta samarin Bamako irin su Iba One, akwai kiɗan Muritaniya, akwai kuma kiɗan rawa na Abijan.

Hikimar wannan aiki ita ce, memorin wancan lokaci ba shi da wuri mai yawa. Kafin yaro ya sa sabuwar waƙa, tilas ya goge wata. Saboda haka duk waƙar da ta tsira, ta yi ta tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan har ta ƙetare iyakokin ƙasashe, ta ci jarrabawar da babu kamfani ko gidan rediyo da ya sa baki a cikinta. Memori rariya ce, kuma dubban kunnuwa ne suka yi tankaɗen.

Waƙar Da Aka Ɗauka A Sakkwato

Waƙar da ta fi jan hankalin duniya a faifan ita ce "Tahoultine" ta Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko shi ya ƙera ta da kansa, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki jerin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar, kuma a cikinsu wannan waƙa take.

Bahaushen da ya saurare ta zai ji abu biyu a tare. Harshen Tamashek ne, kiɗan jitar kuma irin wanda rukunin Tinariwen ya yaɗa a Sahara ne, wato gajeren zagaye da ake ta maimaitawa ana ɗan canza masa lanƙwasa, kamar yadda mai gurmi ko mai kuntigi ke yi. Amma muryar an bi da ita ta na'urar nan da ke siranta murya ta sa ta karkarwa, gangar kuma ta inji ce, irin dai abin da muka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa na wancan zamani. Wannan auren shi ne ƙarfin waƙar. Na'urar da ke sa wasu waƙoƙinmu su zama kamar kukan sauro, a nan sai ta ba muryar wani irin nisa da kewa, kamar mai kira daga bayan tudu. Ba don ya zo Sakkwato ba, da waƙar ba ta samu wannan kama ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe masa. Ya kafa rukuni na mutum huɗu da jitar lantarki, kamfanin Matador na birnin New York, wanda ya yi suna wajen buga faya-fayen irin wancan reshe na rok da na ambata, ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. A faifan na biyun akwai "Oh France", wadda take sukar Faransa, da "Imouhar", wadda take kiran Abzinawa su riƙe harshensu.

Yabo Da Gyara

Yabon gwani ya zama dole. Abu na farko da mai tattarawar ya yi daidai shi ne, bai tsaya ga kwafa ba. Yawancin waƙoƙin sun zo hannunsa ba cikakken suna, sai da ya bi sawu ya gano masu su, ya rubuta sunayensu, aka kuma ware musu kashi 60 cikin 100 na abin da aka samu. Na biyu, bai kai waƙoƙin wani babban ɗakin ɗaukar sauti an sake su don su dace da kunnen Bature ba. Ya bar su yadda masu su suka yi su. Na uku, ya haɗa na gargajiya da na zamani a faifai guda, ya karya tunanin masu zaton babu abin da ke Sahara sai tsohon kiɗa.

Amma akwai gyara. Da fari dai, sunan faifan waya ya ɗaukaka, ba mawaƙa ba. Yana gayyatar mai saye ya yi mamakin cewa mutanen hamada ma suna da waya, kafin ya zo kan fasaharsu. Sannan kuma, ko da yake dubban kunnuwa ne suka yi tankaɗen farko, kunne ɗaya ne ya yi na ƙarshe, kuma kunnen baƙo ne mai tunanin abin da zai burge mutanen garinsu. Babban giɓi kuwa shi ne, babu waƙar Hausa ko ɗaya a cikin taran nan, alhali salon waƙoƙin finafinan Hausa ne ya yi wa "Tahoultine" riga. An kawo 'ya, an bar uwa a gida. Wanda ya saurari faifan a Landan zai ɗauka Mdou Moctar ne ya ƙago wannan murya shi kaɗai. Kamfanin ya ɗan cike giɓin a 2013 da ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, sai dai wanda ya ji na farko bai ji na biyu ba, da rabin labari ya tafi.

Wannan ne ya sa nake da fargaba. Jaridun ƙetare sun riga sun laƙaba wa Mdou Moctar sunan Jimi Hendrix na Sahara. Ranar da za a zauna a New York a tace masa zaɓaɓɓun waƙoƙi, sauƙin abin shi ne a fara labarin daga jitar lantarki, a watsar da zamanin Sakkwato a matsayin ƙuruciya. In haka ta faru, wa za mu zarga? Mu da aka ɗauki waƙar a garinmu, me muka ajiye?

Abin Da Ya Shafe Mu

Gabashin Sakkwato ba matalauciyar ƙasa ba ce a fagen waƙa. Nan ne ƙasar Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Amma yaya zaɓaɓɓun waƙoƙinsa suke isa ga yaranmu a yau? A rumfar mai tura waƙa a waya, inda za ka ga an rubuta lamba kawai a madadin suna, ko an yanke waƙa a tsakiya, ko an jingina wa wannan makaɗi waƙar wancan. Ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, ba sunan 'yan amshi. Mai rumfar kuma abin da aka fi tambaya shi yake ajiyewa, don haka kullum waƙoƙin raguwa suke yi. Mawaƙin da ya yi ɗaruruwa sai ya koma mai waƙa biyar.

Ga kuma halin da yankin ya shiga. A 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Goronyo da Rabah. Ƙauyuka da dama sun watse, tsofaffin da suka san wa aka yi wa wace waƙa, da kuma dalilin wane zambo, suna ta ƙarewa a wuraren gudun hijira. Ajiyar da ta dogara ga ƙwaƙwalwar tsoho da memorin yaro ba ajiya ba ce.

Mu marubuta ma kada mu ga kamar gemun maƙwabci ne kawai ya kama da wuta. A shekarun 1990 an sha muhawara a jaridu kan littattafan da aka kira Adabin Kasuwar Kano, wasu suna ganin ba su cancanci a nazarce su ba, kamar dai yadda aka riƙa raina kiɗan fiyano daga baya. Yau da yawa daga cikin littattafan sun ɓace daga kasuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da aka adana su shi ne makarantar SOAS ta Landan, inda Farfesa Graham Furniss ya tara su. Abin da muka raina, baƙo ya tsince.

Ba a ce ba a yi komai ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara waƙoƙin baka da tarihin masu su, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009. Sai dai aikin ya fi ƙarfin mutum biyu, kuma bai kamata ya tsaya ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba. Yaron da yake ɗaukar waƙa a wani ƙaramin shago a Sakkwato yau, ba wanda ya san inda za ta kai gobe.

Kammalawa

Shawarata ga ƙungiyarmu, da duk wani matashi da ke shirin haɗa tarin waƙoƙi ko gajerun labarai, ba ta wuce huɗu ba. A rubuta sunan mai aiki da garinsu da shekarar da ya yi shi. A bayyana a gabatarwa ma'aunin da aka bi wajen zaɓe, domin mai karatu ya san idon wa yake aro. A sa har da aikin da ba ya ciniki in dai yana nuna wani ɓangare na mai shi, kada a maimaita abin da aka yi wa Marley. A kuma nemi izinin mai abu a ba shi haƙƙinsa, tun da wanda ya zo daga Amurka ma ya iya yin haka.

Music from Saharan Cellphones faifai ne da ya cancanci a nema a saurara, da kyawunsa da giɓinsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka ma zaɓenta ya fi inganci a hannun waɗanda suka san inda aka haife ta, in har sun yarda su zauna su yi aikin.