Kadaria Ahmed da Gwanintar Riƙe Linzamin Muhawara

Idan aka tashi daga kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, hirar majalisa a Jangeru ko Shinkafi ba ta wuce wane ya kayar da wane, wane kuma ya yi ta kame-kame. Da wuya ka ji an ambaci wanda ya zauna a tsakiya yana jefo tambayoyi, alhali a hannunsa armashin zaman yake.

A wannan fage ban ga kamar Kadaria Ahmed ba. Ita ce ta jagoranci muhawarar tashar NN24 a watan Maris na 2011, inda Muhammadu Buhari da Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau suka tsaya gaban 'yan ƙasa, Goodluck Jonathan kuwa bai halarta ba. A Janairun 2019 ta dawo da shirin The Candidates a NTA, ta zauna da Buhari da Osinbajo, daga baya kuma da Atiku da Peter Obi.

Mutane na zaton aikin shi ne iya tambaya. Tambayar farko ai kowa zai iya rubuto ta daga gida, ɗan takara ma ya san tana tafe, ya haddace amsarsa. Gwaninta tana ga ta biyu, wadda ake ƙirƙira nan take daga bakin mai amsa. Ka tambayi mutum yadda zai magance ta'addancin 'yan bindiga, sai ya ɗauko maka tarihin gwamnatin da ta shuɗe. A nan Kadaria ke nuna kanta. Takan bar shi ya kai aya, ta dube shi, sannan ta maimaita tambayar a gajarce, ba tsawa, ba raini. Haka ta riƙe Peter Obi kan kuɗin jihar Anambra da ya zuba a wani kamfani yana gwamna, ba ta sake shi ba sai da ya yi bayani. Wannan na buƙatar kunnen da ba ya gyangyaɗi da karatun da aka yi tun kafin a kunna kyamara, domin wanda bai san alƙaluman kasafin kuɗi ba ba zai gane lokacin da aka yi masa rufa-rufa ba.

Sai kuma lokaci. Kamar mai raba dambe take, ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan masu karawa. Katse babban mutum a ƙasar da ake girmama furfura ba ƙaramin abu ba ne, amma in ka bar ɗaya ya cinye mintin ɗan'uwansa, magoya baya za su ce an saye ka.

Mu a Zamfara muna da ƙarin dalilin ganin girmanta: tana sahun gaba a zanga-zangar da aka yi a Abuja a Afrilun 2019 kan kashe-kashen jiharmu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da Turanci ake yin duk wannan zama. Manomin Zurmi da aka raba da gonarsa shi ya fi kowa cancantar jin amsar, kuma rediyo ce a kunnensa. Sashen Hausa na BBC ya riga ya gwada da 'yan takarar gwamnan Kano, an ga yana yiwuwa. 'Yan jaridarmu na Gusau da Ƙauran Namoda, ku koyi tambaya ta biyu, ku zaunar mana da masu neman ƙuri'armu da Hausa kafin zaɓe mai zuwa.