Ladabi a Matsayin Takunkumi: Tarken Fim ɗin Grâce à Dieu na François Ozon

Fim ɗin ya buɗe ne da Kadinal Philippe Barbarin tsaye a kan tudun Fourvière yana sa wa birnin Lyon albarka, shi a sama, jama'a can ƙasa. Da wannan hoto Ozon ya shimfiɗa jigonsa. Labarin, wanda ya fito a 2019, na Fada Bernard Preynat ne, limamin Katolika da ya yi lalata da yara 'yan sikawut a Sainte-Foy-lès-Lyon daga shekarun 1970 zuwa 1991. Da iyaye suka kai kuka, sai magabatansa suka sauya masa wurin aiki, ya ci gaba da limanci har 2015.

Kashin farko ya fi sauran armashi. Alexandre, magidanci mai 'ya'ya biyar kuma mai riƙo da addini, yana rubuta wa cocin wasiƙu, ana ba shi amsa cikin lafazi mai taushi. Ba wanda ya tsawata masa, ba wanda ya ƙaryata shi. Haƙuri ake ba shi, a yi masa addu'a, a ce ya jira. Da aka haɗa shi da Preynat, mutumin bai musa laifinsa ba, amma aka rufe zaman da sa su riƙe hannun juna su yi addu'a tare. A nan mai kallo zai ga yadda iko ke aiki ba tare da bulala ba: na sama ne ke yanke lokacin magana, da wurinta, da sunan da za a kira laifin. Sunan fim ɗin ma daga bakin Barbarin ya fito, lokacin da ya gode wa Allah a gaban 'yan jarida a Lourdes a 2016 cewa wa'adin gurfanar da akasarin laifukan ya wuce.

Daga nan fim ɗin ya ɗan yi sanyi. Labarin François da kafa ƙungiyar La Parole libérée ya koma na tarurruka da dabarun jarida. Emmanuel, talakan cikinsu, shi ne ya farfaɗo da shi, domin ta kansa aka ga cewa ko a tsakanin waɗanda aka zalunta akwai mai murya da marar ita, kodayake Ozon bai bi wannan zare har ƙarshe ba.

Manazarcin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Satumbar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, bisa amanar da ake bai wa malami. Shi kuwa Preynat, an yanke masa ɗaurin shekara 5 a Maris 2020, bayan kotun ɗaukaka ƙara ta wanke Barbarin a Janairu.